Gindin Kiɗa: Sharhi a kan Gita Bas, Cinikinta da Kaɗa Ta a Ƙasar Maraɗi

1. Gabatarwa

Manazarta waƙar baka ta Hausa sun daɗe da amincewa cewa ba a raba waƙa da kayan kiɗanta. Ames da King (1971) sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallin da ake kaɗa kowane ɗaya daga cikinsu, Gusau (1993) kuma, a cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya shimfiɗa hanyar da mai nazari zai bi ya dubi makaɗi da kayan kiɗansa da waƙarsa gaba ɗaya. Amma idan ɗalibanmu suka juya ga waƙoƙin orkes na zamani, sai mu tarar sun rubuta baitoci, sun fitar da turke da salo, sa'an nan su sallami kiɗan da jimla guda, wato wai an yi amfani da kayan kiɗan Turawa. Wannan jimla ba ta gaya wa mai karatu kome ba.

A cikin wannan takarda za mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan kaya, wato gita bas, mu yi sharhi a kan yadda ake samunta da yadda ake kaɗa ta. Mun taƙaita ga gundumomi uku na jihar Maraɗi: Gidan Rumji a yamma, da Agye da Gazawa a gabas. Gazawa a cikin Agye take har 2011, lokacin da aka mayar da ita gunduma mai cin gashin kanta. Dalilan wannan zaɓi uku ne. Na farko, dukansu suna bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda haja da makaɗa ke bi. Na biyu, a gundumar Gidan Rumji Tsibiri take, mazaunin Sarkin Gobir da Inna shugabar ƴan bori, kuma kiɗan bori na daga cikin rijiyoyin da kiɗan zamani na Maraɗi ya ɗebi ruwa. Na uku, ta Gazawa ne layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake shigowa kafin a rarraba wutar zuwa Maraɗi da Damagaram, bas kuwa ba ta magana sai da wuta.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne: a kiɗan Hausa, bas ta fi kyau idan aka kaɗa ta a matsayin ganga mai tsirkiya, kuma yanayin cinikinta yana daga cikin manyan abubuwan da suka hana wannan hanya yin ƙarfi.

2. Siffar kayan

A 1951 kamfanin Leo Fender na Kalifoniya, a Amurka, ya fitar da Precision Bass, wadda ita ce bas mai lantarki ta farko da ta sami kasuwa mai faɗi. Jazz Bass ta biyo baya a 1960. Yawancin waɗanda ake gani yau a hannun makaɗa kwaikwayon waɗannan biyu ne. Bas tana da tsirkiya huɗu masu kauri, tsawon kowace daga gada zuwa wuya kimanin santimita 86. Tsirkiyar da ta fi kauri tana kaɗawa sau 41 cikin daƙiƙa ɗaya, wadda ta fi siranta kuwa sau 98. A jikin wuyan an dasa sandunan ƙarfe da suka yanka sauti bisa ma'aunin Turai mai hawa 12.

Abubuwa biyu suka biyo bayan waɗannan alƙaluma. Na ɗaya, sauti mai kauri yana bukatar tura iska mai yawa: duk lokacin da aka rage yawan kaɗawa da rabi, sai fatar lasifika ta tura iska ninki huɗu kafin a ji shi da ƙarfi ɗaya. Shi ya sa bas take neman amfilifaya mai ƙarfi da akwatin sauti babba, galibi mai faɗin santimita 38, kuma idan aka jona ta a ƙaramin akwatin gita, ko a lasifikar ƙaho irin ta masu shela, ko dai sautin ya ɓace ko fatar ta yage. Na biyu, muryar namiji a magana tana tsakanin kaɗawa 85 da 180 ne. Wato ke nan da zarar mai bas ya bar tsirkiyoyin ƙasa ya hau sama, ya shiga gonar mawaƙi. Za mu koma kan wannan a sashe na 4.

3. Saye da sayarwa

Mai goge na ƙasar Gobir yana iya haɗa gogensa ba tare da ya bar ƙauyensu ba: ƙoƙo daga gona, fatar guza daga daji, izgar doki daga barga. Haka mai garaya da mai kalangu, itace da fata ne jarinsu, kuma idan abu ya lalace da hantsi, kafin la'asar an gyara. Bas ba ta da ko ƙusa ɗaya da ake yi a ƙasar nan. Ita ba hajar kasuwar mako ba ce. Wanda ke sonta daga Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji sai ya bi ta Maraɗi, daga nan ya tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, inda kayan da suka taso daga Legas suke sauka, ko kuwa ya nufi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Hanyar kudu ita ce wadda Grégoire (1986) ya bayyana a littafinsa na Alhazan Maraɗi, sai dai bas ba ta cikin hajar da alhazai ke zuba jari a kai, domin masu sayenta ƙalilan ne. Saboda haka takan zo ne ɗaya-ɗaya, a hannun makaɗin da ya dawo daga ci-rani, ko ta hanyar aike, kuma sau da yawa ta hannu ce ko kwaikwayo mai ɗauke da sunan da ba nata ba.

Kayan da duk sassansa na waje ne, farashinsa yana hannun canji da iyaka. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke kan sefa 50 ya koma sefa 100, abin da ya ninka kuɗin duk wani abu da ake sayowa da kuɗin Turai. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sake rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da Nijeriya ke bai wa Nijar tun daga Agusta na wannan shekara har farkon 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa mai bas ta fuskar da bai taɓa mai goge ba.

Sayen bas ɗin ma somin taɓi ne. Tsirkiyoyinta sun ninka na gita tsada, kuma gumi da ƙura suna kashe su. Makaɗa a ko'ina cikin duniya sun san dabarar dafa tsohuwar tsirkiya cikin tafasasshen ruwa domin dattin ya fita, amma wannan kwana kaɗan yake ƙara mata. Iskar hunturu tana busar da itacen wuya har bakin sandunan ƙarfe ya fito yana yankar hannu, damina kuma ta kumbura shi ya lanƙwashe. Inda ba wutar NIGELEC sai janareta, wanda wutarsa ke hawa da sauka, amfilifaya kuwa ba ta jure wannan. A nan dole a yaba wa masu gyaran rediyo, waɗanda ke sake naɗa wayar lasifikar da ta ƙone. Ba domin su ba da orkes da yawa sun yi shiru tun tuni.

Sakamakon wannan tsada shi ne mai kaɗa bas ba safai yake zama mai ita ba. A zamanin Seyni Kountché (1974-1987), lokacin Samariya da bukukuwan matasa na ƙasa, hukuma ce babbar mai ɗaukar nauyin wasanni, kuma a gidajen matasa da al'adu ne samari da dama suka fara taɓa kayan lantarki. Daga baya nauyin ya koma kan shugaban orkes, ko mai gidan rawa, ko mai bayar da hayar kayan sauti, ko majami'a, kasancewar mishan ta SIM ta kafa sansani a Tsibiri tun 1927. Ko wane ne mai kayan, abu ɗaya ne yake faruwa: da an tashi daga wasa sai a kulle kaya a ɗaki. Ɗan mai garaya yana kwana da garaya a gefen tabarmarsa tun yana yaro, ya ji ta a hannun ubansa, ya ɗauka ya gwada ba mai hana shi. Mai bas ɗan haye ne, ba shi da gado, kuma sa'o'in da yake samu da kayan na gwajin waƙoƙin da za a kaɗa ran biki ne kawai. Wanda lokacinsa ya ƙuntata haka zai kwafi abin da ya ji a kaset, don ba shi da sararin neman hanyar kansa. Bugu da ƙari, a filin biki mawaƙi ake yi wa liƙi, shi ke kiran suna, shi ke wasa masu gida. Mai bas yana baya, rabonsa abin da shugaba ya yanka masa.

4. Hanyoyi biyu na kaɗawa

Bas ta zo Afirka ta Yamma da aikin da aka ƙera ta dominsa. A kiɗan Turai da Amurka waƙa tana tafiya ne bisa jerin abin da makaɗan orkes ke kira akor, wato sautuka uku ko fiye da ake bugawa tare, kuma aikin bas shi ne ta nuna tushen kowane akor da lokacin da aka sauya shi. Da wannan aiki ta shigo mana ta cikin kiɗan Kuba da rumbar Kwango, sa'an nan ta cikin rege, musamman bayan da Alpha Blondy na Kodibuwa ya yi tashe a shekarun 1980. Wannan ita ce hanya ta farko, za mu kira ta hanyar bin akor.

Waƙar Hausa ta gargajiya ba a kan akor aka gina ta ba. Yawancinta tana tafiya bisa tsani mai hawa biyar, tana da sauti ɗaya da take dawowa kansa, kuma jimlolinta sukan faro daga sama su gangaro. Abin da ke riƙe da ita shi ne kari mai maimaita kansa, da musayar jagora da ƴan amshi, da nauyin gaɓoɓi. Richards (1972) ya auna wata waƙar Hausa ya nuna cewa akwai dangantaka tsakanin karin sautin kalmomi da hawa da saukar murya, ko da yake ba cikakkiya ba ce. Mawaƙi yana bukatar sarari ya ja ɗan waƙa ko ya gajarta shi gwargwadon tsawon kirarin wanda yake wasawa. Idan aka shimfiɗa masa jerin akor uku da ke juyawa a ƙayyadadden lokaci, an ɗaure shi: ko ya datse magana don ya riski sauyin, ko ya lanƙwasa karin kalma don ta dace da sautin da bas ta tsaya a kai. Mai saurare Bahaushe yana jin wannan ko da bai san sunansa ba. Shi ne yake cewa waƙar ta yi daɗin kiɗa amma maganar ba ta fita.

Hanya ta biyu tana nan cikin kiɗan gida tun kafin zuwan bas. A kiɗan ƙwarya na mata, ƙwaryar da aka kifa cikin ruwa ita ke bayar da sauti mai kauri da sauran ƙore ke wasa a kansa. A rukunin kalangu, ɗan karɓi yana riƙe da kari ɗaya ba sauyi domin babban kalangu ya sami damar magana. Babbar garaya, wadda ake kira komo, tsirkiya biyu gare ta, kuma da gajeriyar jimla mai maimaituwa take ɗaukar waƙa tun daga farko har ƙarshe. A duk waɗannan akwai mai riƙe ƙasa da mai yawo a sama. Kamar yadda manazarta ke kiran amshin da waƙa ke komawa kansa gindin waƙa, muna ba da shawarar a kira wannan aiki gindin kiɗa. Mai bas da ya fahimci haka zai zaɓi sautuka biyu ko uku daga cikin hawa biyar na waƙar, ya ɗaura su a kan karin ganga, ya zauna a tsirkiyoyin ƙasa, ya bar rata inda mawaƙi ke jefa kalma.

Daga nan muke fitar da ma'auni uku da ɗalibi zai iya aiki da su. Shin jimlar bas daga karin kiɗan ta fito, har mai kalangu zai iya maimaita ta da gangarsa? Shin ta bar wa murya fili, ko ta hau cikin kaɗawa 100 zuwa 180 tana gogayya da ita? Shin tana iya jira idan jagora ya tsawaita ɗa, ko kuwa ita ke tilasta masa komawa amshi?

5. Misalai biyu

A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, a 1990 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya. Manufar waɗannan biyu ita ce a sami kiɗan zamani mai tushe a gida. Daga wannan yunƙuri ne faifan Niamey Twice ya fito a 1994, wanda Moussa Poussy da Sa'adu Bori, mawaƙin Maraɗi, suka yi tarayya a cikinsa.

Sa'adu Bori, wanda ya rasu a haɗarin mota a 2008, ya ɗebo kari da sunaye daga bori, kiɗan da Monfouga-Nicolas (1972) da Erlmann (1982) suka yi nazarinsa a wannan yanki. A bori kowane iska da taken kiɗansa, kuma goge ko garaya suna maimaita taken bisa ƙwarya har dokin ya hau. Tsari ne da ya dace da hanya ta biyu ƙwarai. A ganinmu, ƙarfin waƙoƙinsa irin su Dango yana wurin da kayan lantarki suka yarda suka bi wannan tsari, suna zagaya gajeriyar jimla, muryarsa tana hawa da sauka a kai yadda ta ga dama. Inda muke da ja shi ne wuraren da adon situdiyo ya yi yawa, aka cika ratar da ya kamata a bari. A nan waƙar takan yi kama da kowace waƙar Afirka da aka shirya domin kasuwar Turai a waɗannan shekaru. Karɓuwar da ya samu a arewacin Nijeriya tana nuna cewa masu sauraren Hausa sun gane abin da yake nasu a cikin kiɗan.

Misali na biyu daga wajen ƙasar Hausa yake, amma darasinsa ya shafe mu. Ƙungiyar Mamar Kassey, wadda Yacouba Moumouni ya kafa a 1995, ta zaunar da bas ɗin Harouna Abdou tare da molo da kalangu da ƙwarya da sarewa. A faifansu Denké-Denké (1999) bas tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da molo da ƙwarya, tana ƙara musu kaurin da ba su da shi a gaban babban taro. Abin lura shi ne waɗannan makaɗa sun sami abin da takwarorinsu na karkarar Maraɗi ba su samu ba, wato wuri da kaya da lokacin zama tare da masu kayan gargajiya. Wannan yana ƙarfafa abin da muka faɗa a sashe na 3.

6. Fiyano da wayar hannu

Tun daga shekarun 1990 situdiyoyin Kano da ke yi wa finafinan Hausa kiɗa suka rungumi fiyano ƙirar Yamaha PSR, kuma wannan kiɗa ya mamaye bukukuwa a ɓangarori biyu na iyaka. Ta fuskar kuɗi ba a ja da shi: mutum ɗaya da na'ura ɗaya sun maye gurbin mai bas da mai ganga da mai gita. Ta fuskar fasaha kuwa akwai asara. Mai fiyano yana danna akor da hannun hagu, na'urar ta fitar da jimlar bas daga cikin waɗanda aka ɗura mata a masana'anta. Wato hanyar bin akor ce tsantsa, kuma a kan gudu ɗaya da ba ya sauyawa. Na'ura ba ta ganin ƙafar mai rawa balle ta ƙara wuta, ba ta jin jagora ya ja numfashi balle ta dakata.

Abin da ake saurare da shi ma ya taimaka. Ƙaramar rediyo da wayar hannu, wadda ta zama babbar hanyar yaɗa waƙa a Sahel kamar yadda tarin Music from Saharan Cellphones (2011) ya shaida, ba su iya fitar da sautin da ke kaɗawa sau 41 ko 98. Abin da kunne ke kamawa shi ne ƙananan sautuka na sama da ke rakiyar kowane bugu, daga su ne yake ƙiyasta na ƙasan. Sabuwar tsirkiya tana da waɗannan sautuka da yawa, tsohuwa ta rasa su. Saboda haka bas mai matacciyar tsirkiya, idan aka saurare ta ta waya, kamar ba a kaɗa ta ba. Shugaban orkes da ya lura jama'a ba su jin bambanci ba zai ga dalilin ci gaba da biyan mai bas ba.

Akwai masu cewa wannan ba abin baƙin ciki ba ne, tun da bas baƙuwa ce. Ba mu yarda da wannan hujja ba. Algaita daga arewacin Afirka ta zo, Tarihin Kano kuma ya danganta shigowar kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), yau ga su sun zama alamar sarauta a fadojin ƙasar Hausa. Sun zama na gida ne domin an sami gidajen da suka riƙe su, suka koya musu Hausa.

7. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa ingancin kaɗa bas a ƙasar Maraɗi yana da alaƙa da hanyar da take bi ta zo, da wanda ya mallake ta, da abin da ake saurarenta da shi. Mun kuma kawo ma'auni uku da aka ciro daga kiɗan gida. Shawarwarinmu ga abokan aiki su ne: duk ɗalibin da zai yi nazarin waƙar orkes a nemi ya rubuta sunan mai bas da mai kayan, ya kuma kwatanta jimlar bas da karin gangar da ta fi kusa da ita, a saurari kasusuwan da sashe ya adana da akwatin sauti babba, domin hukuncin da aka yanke ta ƙaramar rediyo bai haɗa da bas ba, a kuma yi hira da tsofaffin makaɗan orkes da masu gyaran kayan sauti na Maraɗi da Tsibiri da Agye da Gazawa tun suna raye. A ƙarshe, yana da kyau a gwada bas marar sandunan ƙarfe, irin wadda Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ya kaɗa a faifan Graceland (1986), tare da mai goge na Gobir, tun da goge ma ba shi da sanduna kuma ba a kan hawa 12 yake tafiya ba. Sakamakon wannan gwaji zai cancanci takarda ta dabam a cikin wannan jeri.